An ce ta ƙare cikin daƙiƙa huɗu, to nawa aka kasa?

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwanmu ƴan kasuwa maza da mata, ku da salula ta zame muku abokiyar sana'a kamar tiya da sikeli, a yau muna so mu tsaya kan wata magana da ke yawan shigo mana ta rediyo da intanet, wadda kuma masu kawo kaya ke maimaita mana a bakin rumfa. Maganar ita ce wai kamfani kaza ya fito da sabuwar salula, kuma wai cikin ƙiftawar ido an saye ta kaf a Indiya ko a Sin, har mutane na turereniya. Daga nan sai a ce da kai Alhaji ka yi maza ka ɗauki katan biyu tun ba ta yi tsada ba, ke kuma Hajiya ki kwashi adashenki ki saya, ai ita duniya ke yayi.

Ba mu ce kowace magana irin wannan ƙarya ce ba. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda zai zuba uwar kuɗinsa a kan kaya yana da hakkin ya san da wane mudu aka auna nasarar da ake ba shi labari. Kuma tun da Indiya ce ake yawan kafa mana hujja da ita, bari mu je can mu duba yadda abin ya gudana.

Indiya dai ba ƙaramar kasuwa ba ce. Jama'arta sun haura biliyan 1 da miliyan 400, kuma a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ta wuce Sin a yawan mutane. In aka kwatanta da Nijar, ta ninka mu kusan sau 50. A ƴan shekarun nan, manyan salula masu shafawa wajen miliyan 150 ne ke shiga kasuwarta a kowace shekara. Ga shi kuma mai sayen can ya yi kama da namu: yana ƙirga kuɗinsa kafin ya fitar, yana taya kaya, yana son mai layi biyu da batiri mai jimiri, sau da yawa ma ita ce babbar salularsa ta farko. Shi ya sa duk kamfanin da ke neman suna yake son a ji cewa ya ci kasuwar Indiya.

A watan Yuli na 2014 kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ya shiga Indiya da wata salula mai suna Mi 3, a kan rupi 13,999. Bai kai ta kantuna ba. Ya haɗa kai da Flipkart, wani babban kanti na intanet, aka ce duk mai so ya rubuta sunansa tun da wuri, ranar kaza da ƙarfe kaza za a buɗe ciniki. Ranar farko kaya suka ƙare cikin abin da bai kai minti 40 ba, shafin kantin ma ya tsaya cik saboda cunkoso. A farkon Satumba na wannan shekara ya kawo ƙaramarta, Redmi 1S, a kan rupi 5,999, wajen jika 50 ke nan na kuɗinmu na sefa a lokacin. Kamfanin ya ba da sanarwar cewa guda dubu 40 sun ƙare cikin daƙiƙa 4 da ɗigo 2. Ba minti ba, daƙiƙa. Jaridu suka ɗauka, labari ya zaga duniya.

To a nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya yi tambayar da ya saba yi a kasuwarsu: nawa aka kasa? Hajiya mai ƙosai ta fi kowa sanin wannan lissafi. In ta soya ƙosai 20 kacal ta kai tasha da sassafe, kafin ta gyara zama ya ƙare, amma wannan bai nuna ta fi maƙwabciyarta mai soya kwano uku ciniki ba, ko da ita maƙwabciyar ta kai hantsi tana zaune. A 2014 kasuwar Indiya ta sha manyan salula wajen miliyan 80, wato sama da dubu 200 a kowace rana ta Allah. Ke nan dubu 40 ɗin da aka yi wa kiɗa da rawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da kasuwar ke sha a rana guda ba, kuma ba kullum ake buɗe cinikin ba, sai mako-mako. Mutanen da suka rubuta suna domin wancan ciniki sun kai dubu 250. Cikin kowane mutum shida, biyar sun koma hannu rabbana, kuma kowannensu ya zama mai talla ba da lada ba, yana faɗa wa abokai cewa akwai wata salula da ba ta samuwa.

Don Allah kada a ɗauka dabarar duk yaudara ce. Kamfanin da ya shigo sabuwar ƙasa yana da dalilin kawo kaya kaɗan-kaɗan: bai san bakin kasuwar ba tukuna, ba ya son kwantai, ba ya son biyan hayar sito da la'adar dillalai. Kowane ɗan kasuwa mai hankali haka yake gwada sabon kaya. Inda muke da ja shi ne a mai da ƙarancin da aka ƙirƙira da gangan ya zama shaidar nasara. Mai kayan ne ya zaɓi adadin, shi ya riƙe agogon, shi kuma ya ba da sanarwar. Ko a wancan lokaci an samu hukumar da ta bi diddigi: a Yulin 2014 hukumar kula da adalcin ciniki ta Taiwan ta ci tarar Xiaomi dalar Taiwan dubu 600, saboda ta gano adadin da ya ce ya sayar a irin wannan cinikin gaggawa a can bai cika ba. Giɓin ba mai yawa ba ne, amma ya isa ya nuna cewa lissafin da mai kaya ya yi wa kansa yana bukatar mai duba shi.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka wani kamfanin Sin, LeEco, ya zo Indiya ya buga irin wannan ganga, har ma ya fi ƙarfi. A Fabrairun 2016 ya ce ya sayar da salularsa Le 1s guda dubu 70 cikin daƙiƙa 2. In da daƙiƙa ce ma'auni, ai ya kayar da Xiaomi warwas. Ya cika jaridu da talla, ya yi alkawarin masana'anta da kantuna. A Nuwamban wannan shekara mai kamfanin, Jia Yueting, ya rubuta wa ma'aikatansa cewa kuɗi sun yi ƙaranci, sun faɗaɗa harkoki fiye da ƙarfinsu. A Maris na 2017 aka sallami kusan kashi 85 cikin 100 na ma'aikatan kamfanin a Indiya. Wanda ya sayi Le 1s cikin daƙiƙa biyun nan, shi aka bari da neman inda zai gyara ta in gilashinta ya fashe.

Ga kamfani biyu, ƙasarsu ɗaya, dabararsu ɗaya, ranar farkonsu iri ɗaya. Ɗaya ya watse cikin shekara guda da ƴan watanni, ɗaya kuma a ƙarshen 2017 ya ture Samsung ya hau kan gaba a Indiya, ya kuma riƙe wurin wajen shekara biyar. Wanda ya kalli ranar farko kaɗai ba shi da hanyar bambance su. Bambancin ya fito ne daga ayyukan da ba a yi musu kiɗa: a 2015 Xiaomi ya fara harhaɗa salula a cikin Indiya, a jihar Andhra Pradesh, ya yawaita wuraren gyara, a 2017 kuma ya sauko daga intanet ya shiga kantuna na ƙasa, domin ya gane mafi yawan mutane suna so su riƙa kaya a hannu su jujjuya kafin su biya. Shi ma bai dawwama a sama ba. A ƙarshen 2022 Samsung ya karɓe wurinsa, a 2024 kuma Vivo ne ya zo na ɗaya a lissafin kamfanin bincike na IDC. Shi kuwa Vivo, tare da Oppo, ta hanyar masu kanti suka bi tun farko: suka fente musu alluna, suka zaunar da yaran talla a kantunansu, suka bar musu riba mai ɗan kauri a kan kowace salula. Mai kanti kuwa kowa ya san abin da zai fara miƙo wa mai saye.

Akwai abin da ya fi cinikin daƙiƙa rauni, shi ne rubuta suna. A nan dole mu ɗan daɗe, saboda labarin ya shafi dillalai irinmu kai tsaye. A Fabrairun 2016 wani sabon kamfani da ba a san shi ba, Ringing Bells, mai ofis a Noida kusa da birnin Delhi, ya yi gagarumin buki, har da wani babban ɗan majalisa a wurin, ya ce ya kawo babbar salula mai suna Freedom 251 a kan rupi 251. A kuɗinmu na lokacin jika 2 ne da ƴan kai, kuɗin da ko caja mai kyau da kyar zai saya. Indiya ta ɗauka. Shafin kamfanin ya faɗi tun ranar farko, kuma kamfanin ya ce mutum sama da miliyan 70 sun rubuta suna. In da rubuta suna ciniki ne, da wannan ce salular da ta fi kowace nasara a tarihin ƙasar.

Amma tun a makon farko alamu suka bayyana ga mai ido. Ƴan jaridar da aka ba samfuri suka kankare wani farin fenti a goshin salular, sai ga sunan wani kamfani daban, Adcom, wanda daga baya ya ce shi ya sayar musu da kayan a kan rupi 3,600 kowace ɗaya. Ƙungiyar masu ƙera salula ta ƙasar ta fito ta ce ba yadda za a yi a haɗa irin wannan kaya a wannan farashi. Waɗanda suka kai ga biyan kuɗi wajen mutum dubu 30 ne, kuma da hayaniya ta yi yawa kamfanin ya ce zai mayar musu, a biya in kaya sun iso. A watan Yuli ya ce ya fara raba guda dubu 5. Ku auna da kanku: miliyan 70 a takarda, dubu 5 a hannu. A Fabrairun 2017 ƴan sanda suka kama shugaban kamfanin, Mohit Goel, bayan wani dillali na garin Ghaziabad ya kai ƙara cewa ya biya rupi miliyan 3 domin a ba shi wakilci da kaya, amma abin da ya karɓa bai kai rabin kuɗinsa ba.

A lura da wanda abin ya fi ci. Talakan da ya rubuta suna bai yi asarar komai ba sai ɗokinsa. Dillalin da ya ji miliyan 70 ya ce bari ya riga kowa, shi ya zuba miliyoyi. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma cinikin biri a sama ba a Indiya aka fara shi ba. Mu ma a nan mun san masu zuwa da hoto da takarda mai ƙyalli suna neman kafin alƙalami a kan kayan da ke "kan hanya".

To a ce mun bar daƙiƙa, mun bar rubuta suna, mun koma ga lissafin manyan kamfanonin bincike, waɗanda ba su da kaya a kasuwa. Nan ma da sauran magana. Mafi yawan alƙaluman da ake bugawa duk wata uku suna ƙirga abin da ya fita daga hannun kamfani ya shiga hannun manyan dillalai da kantuna ne, wato sari. Ba su ƙirga abin da ya fita daga kanti ya shiga aljihun mai saye. Duk wanda ya taɓa cika sito da shadda saboda Sallah, Sallah ta wuce ta bar shi da rabi, ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu. A wurin masaƙa an sayar. A wurinka kwantai ne.

An taɓa yin rigima a fili a kan wannan. A Fabrairun 2015 kamfanin bincike na Canalys ya ce Micromax, ɗan gida na Indiya, ya wuce Samsung a watanni ukun ƙarshe na 2014, kashi 22 da kashi 20 cikin 100. Samsung ya ce bai yarda ba, ya kawo lissafin wani kamfanin, GfK, wanda ke ƙirga abin da aka saya a bakin kanti, inda nasa kason ya haura kashi 34. Kowa da mudunsa, kuma ba lalle wani ya yi ƙarya ba. Wani ya auna a bakin sito, wani a bakin rumfa. Abin da ya biyo baya dai sananne ne. A Satumban 2016 kamfanin sadarwa na Jio ya buɗe rezo mai sauri na 4G, da farko kyauta, daga baya da araha ƙwarai, jama'a suka koma neman salular da ke ɗaukarsa, Micromax da sauran ƴan gida suka tsinci kansu da tarin tsohon yayi. Cikin shekara biyu zuwa uku sunansa ya ɓace daga sahun gaba.

Ko a 2022 an ga irin haka a kasuwar baki ɗaya. Kamfanoni sukan cika kantuna kafin bukin Diwali, wanda ke zuwa a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da Indiyawa ke sayayya kamar yadda muke yi a jajibirin Sallah. A waccan shekara tsadar rayuwa ta sa mutane suka riƙe hannu, kaya suka yi kwantai, sai ga shi a watanni ukun ƙarshe abin da aka shigar kasuwa ya faɗi da kashi 27 cikin 100 a lissafin IDC. Alƙaluman kafin buki sun yi kyau a takarda, masu kanti ne suka kwana da nauyin.

Saboda haka mu a ganinmu, ma'aunin da ya fi wuyar yi wa maguɗi shi ne farashi bayan an kwana biyu. Kayan da ke tafiya ba a karya musu farashi. A Fabrairun 2013 BlackBerry ya kawo salularsa Z10 Indiya da babban buki, a kan rupi 43,490. A Satumba aka sauko da ita 29,990. A Fabrairun 2014, shekara guda cif, ta koma 17,990, ko rabin kuɗinta na farko bai kai ba. A tsakanin nan, a Satumban 2013, kamfanin ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa zai yi asarar kusan dalar Amurka biliyan 1, mafi yawanta saboda Z10 da ke jibge ba mai saye. Da aka karya farashin kuwa sai mutane suka yi rububinta har ta ƙare, kuma wannan ma ana iya buga shi a jarida a kira shi nasara. Mai gwanjo ma ai kayansa na ƙarewa.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai butik ɗin da ya sari guda 20 a watan farko da kuɗinsa. Manyan dillalai galibi suna da yarjejeniya a rubuce cewa in kamfani ya rage farashi zai cike musu giɓin kayan da ke hannunsu. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya je Kano ko Dubai ko Guangzhou ya biya kuɗi hannu, ya biya mota, ya biya duwan, ba shi da wannan takarda. Ran da aka karya farashi a can, labari na isowa Maraɗi da Damagaram a ranar, domin mai sayen yau yana duba farashi a salularsa kafin ya zo rumfarka. Asarar taka ce kai kaɗai. Salula kuma ba gero ba ce da za ka ɓoye a rumbu ka jira bazara ta yi tsada. Kowane wata da ta yi a cikin gilashi darajarta raguwa take.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma adalci ne mu faɗa. A Agustan 2008 aka buɗe cinikin iPhone a Indiya da tsakar dare, ta hannun Airtel da Vodafone, a kan rupi dubu 31. An shirya wa taro, taro bai zo ba. Ba a ga dogayen layukan da aka gani a Amurka ba, aka yi ta cewa wannan kaya ba na Indiya ba ne. Shekaru suka shuɗe kason Apple bai taka kara ya karya ba. Sai a Afrilun 2023 ya buɗe kantunansa na kansa na farko, a Mumbai da Delhi, kuma a wannan shekara, a lissafin kamfanin bincike na Counterpoint, ya shigar da sama da miliyan 10, ya kuma fi kowa yawan kuɗin ciniki duk da cewa a yawan ƙwaya yana can baya. Wanda ya yanke hukunci a daren farko ya yi kuskure, sai dai kuskuren ya ɗauki shekara 15 kafin ya fito. Wannan kuma ya tuna mana wani abu da mai sayar da zinariya da mai sayar da tumatir suka sani: yawan masu tsayawa a rumfa daban, abin da ya rage a jaka da yamma daban.

Me ya kai mu Indiya alhali ga kasuwarmu? Dalili shi ne sunayen da ke fafatawa a can, irin su Samsung da Redmi, su ne ke cikin gilashin butik a Babbar Kasuwar Yamai da Kasuwar Dole ta Damagaram, kuma da labarin can ake tallata mana su. Amma mu duba waɗanda suka fi yawa a hannun jama'armu. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen, wanda a shekarun 2023 da 2024 yake riƙe da kusan rabin kasuwar manyan salula ta Afirka. Wa zai iya tuna ranar da aka ƙaddamar da Tecnon da ke aljihunsa? Sun shigo ne da layi biyu, da batirin da ke jure rashin wuta, da kyamarar da ke fitar da fuskar baƙar fata, da farashin da ɗan kabu-kabu zai iya, sannan kayan gyaransu suka cika tebura. Ba yabon kamfani muke ba, su ma suna da nasu samfurin da suka yi kwantai. Muna nuna cewa hanyar da kaya ke bi su zauna a kasuwa ba ta cika ratsawa ta ɗakin buki ba.

Don haka in wakilin kamfani ko babban dillali ya zo maka da labarin daƙiƙa, Alhaji, ka saurare shi da mutunci, sannan ka tambaye shi guda nawa aka kasa, kuma waɗanda aka ƙirga sun biya ne ko suna kawai suka rubuta. Ka tambaye shi ko masu kantin da suka ɗauka a karon farko sun dawo sun sake ɗauka da kuɗinsu, domin ɗaukar farko ɗoki ne da kunya da bashi, ta biyu ce ciniki. In ya ce kayan na tafiya kamar ruwa, to ya ba ka ƴan kaɗan ka sayar ka kawo kuɗi, ko ya sa hannu cewa in farashi ya faɗi cikin wata uku giɓin nasa ne. Wanda ya yarda da kayansa ba zai ji tsoron wannan ba. Amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta, amma ba a sanin zamanta sai ƴan buki sun watse.

Ke kuma Hajiya, da ba saye don sayarwa za ki yi ba, lissafinki ya fi sauƙi amma kuɗinki sun fi zafi, tun da watanni kika yi kina zubi. Salular nan da ita za ki ji farashin albasa a Galmi, da ita za ki tura wa abokan ciniki hoton atamfa, da ita za a turo miki kuɗi. Ran da ta mutu, ciniki ya tsaya. Babu abin da za ki rasa in kika bar sabon samfuri ya yi wata biyu ko uku a hannun masu gaggawa. Kafin ki biya, ki bi ta wurin yaran da ke gyara a bakin kasuwa, ki tambaye su ko gilashinta da batirinta na samuwa a garin, da nawa, kuma wace cuta aka fi kawo ta da ita. Ki kuma tambayi masu sayar da na hannu nawa suke karɓarta. Waɗannan yara ba su da kamfanin bincike, amma duk salular da ta yi wata shida a gari ta bi ta teburinsu.

Muna kuma kira ga sandikokin masu sayar da salula a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da su ɗauki maganar karyewar farashi a matsayin tasu. Ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya tilasta wa babban mai shigo da kaya ya sa hannu a takarda ba, amma mutum 50 da suka haɗa baki za su iya. A Indiya masu ƙananan kantuna sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, kuma sun sha fitowa su ƙalubalanci manyan kamfanoni a kan ƙarancin riba da fifita kantunan intanet. Abin da za a nema a nan bai fi ƙarfin kowa ba: takarda mai nuna wanda zai ɗauki asara in farashi ya sauka, tsawon garanti da wurin da za a kai kaya in sun lalace, da alkawarin cewa kayan gyara za su iso tare da katan na farko.